Damsal: Ɗan ƙaramin kifin da ke hana manya sakat a akwatin gilashi

Duk wanda ya shiga shagon sayar da kifin ado na ruwan gishiri, a kowace ƙasa kuwa, da wuya ya fito bai ga wani ɗan kifi shuɗi mai ƙyalli ba, wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Yana cikin mafiya araha a shagon, ba ya saurin mutuwa, kuma duk abin da aka zuba masa ci yake yi. Waɗannan abubuwa uku ne suka sa ya zama kifin farko da akasarin sababbin shiga wannan kiwo suke saya. Su ne kuma suke jawo da-na-sani bayan 'yan watanni, ranar da mai akwatin ya kawo kifi na biyu mai tsada, ya wayi gari ya tarar da shi maƙale a lungu, wutsiya a yayyage, ya ƙi cin abinci.

Turawa suna kiran wannan kifi damselfish, ma'ana kifi budurwa, masu kiwo kuma suna taƙaita sunan su ce damsal. Sunan yaudara ne. Masu ninƙaya a ƙarƙashin teku sun san shi da rashin tsoro: kifin da bai wuce tafin hannu ba zai taso wa mutum gadan-gadan, ya cije shi a yatsa, don kawai ya matso kusa da dutsensa. Abin da yake yi wa ɗan Adam ke nan a cikin teku mai faɗi, balle wani ɗan kifi da aka kulle su tare a akwatin lita 100.

Damsal ba kifi ɗaya ba ne. Dangi ne babba da masana ke kira Pomacentridae, mai nau'i kusan 400, akasarinsu a tekunan wurare masu zafi, musamman tsakanin tekun Indiya da na Fasifik. Kifin nan ruwan lemo mai farin ratsi da ya yi suna a fim ɗin Finding Nemo na shekarar 2003 ɗan wannan gida ne. Akwai su da yawa a Bahar Maliya, daga gaɓar Jidda har zuwa duwatsun murjanin Sanganeb da ke daura da Fot Sudan, wurin da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2016. Har wani reshe na dangin yana ɗauke da suna mai asali daga Larabci, Abudefduf, wanda ya fito daga rubuce-rubucen Peter Forsskål, masanin da ya yi nazarin kifayen Bahar Maliya kafin ya rasu a Yaman a 1763.

Manomi ne mai gadin gonarsa

Kafin a yi maganar yadda za a shawo kansa, ya kamata a san abin da ke sa shi faɗa, domin yawancin kurakuran da ake yi sun samo asali ne daga ɗaukar da ake yi cewa mugunta ce kawai.

Duwatsun murjani wuri ne mai cunkoso, kamar kasuwa ranar cinta. Abinci kaɗan ne, maɓoya kaɗan ce, masu nema kuma ba iyaka. Wasu kifayen suna yawo ne garke-garke su yi kiwo duk inda suka samu. Damsal da yawa sun zaɓi wata hanyar: kowanne ya kama ɗan wuri, ya zauna, ya hana kowa shiga.

Wasunsu ma noma suke yi, ba da wasa ba. A 2006 wasu masana biyu 'yan Japan, Hiroki Hata da Makoto Kato, sun wallafa sakamakon binciken da suka yi a tekun Okinawa a kan wani damsal mai suna Stegastes nigricans. Sun nuna cewa kifin yana renon wata irin gansakuka ja a kan dutsensa, yana cire sauran ciyayin da ba ya iya narkarwa da bakinsa ya kai su wajen gona ya zubar, tamkar mai noman firi. Idan aka raba shi da gonar, ba a daɗewa sauran ciyayi su mamaye ta. A 2020 kuma wani binciken da aka yi a Beliz, a yankin Karebiyan, ya gano wani nau'in da ke barin wasu ƙananan halittu masu kama da jatan lande su yi dandazo a saman gonarsa. Kashinsu taki ne ga gansakukar, shi kuma yana korar masu cinsu. Noma da kiwo ke nan a hannun kifi ɗaya.

Sai batun ƙwai. A wannan dangi namiji ne ke share wuri a kan dutse, mace ta zo ta liƙa ƙwanta, shi kuma ya tsaya gadi. Yana yi musu fifita da fukafukansa don ruwa mai iska ya riƙa ratsa su, yana tsince waɗanda suka lalace, har su ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki. A wannan lokaci ba ya raga wa kowa, komai girmansa.

A cikin teku wannan hali ba ya cika kai ga kisa. Baƙon da aka kora zai yi gaba mita biyu ko uku, mai wurin ya koma bakin aikinsa, shi ke nan magana ta ƙare. A akwati kuwa baƙo zai ruga ne ya ci karo da gilashi, ya juyo, ya sake faɗawa cikin yankin da aka kore shi. A wurin damsal, wannan baƙo ne mai taurin kai da ya ƙi jin gargaɗi. Sai ya ƙara kai masa hari, safe da yamma, kullum. A ƙaramin akwati, iyakar gonarsa ita ce bangon gilashin nan huɗu.

Yadda ya zama kifin farko

Akwai tarihi a bayan wannan al'ada ta fara kiwo da damsal. Sabon akwati, ko da ruwansa ya yi garau, bai shirya karɓar kifi ba. Kifi yana fitar da amoniya ta hanyar numfashi da kashi, ita kuma guba ce ko da 'yar kaɗan ce. A akwatin da ya kwana biyu akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a jikin duwatsu da yashi da matatar ruwa. Wasu suna mayar da amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da ita naitiret, wadda kifi ke iya jurewa idan ba ta taru da yawa ba. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida.

Shekaru da dama shawarar da ake bai wa ɗan koyo ita ce ya sayi damsal biyu ko uku ya zuba a sabon akwatin, kashinsu ya ciyar da bakteriyar. An zaɓe su ne don suna iya rayuwa cikin ruwan da zai kashe wasu. Amma jurewa ba jin daɗi ba ce. Amoniya tana ƙona sassan da kifi ke numfashi da su, kuma ba duka ne suke kai labari ba. Wanda ya tsira kuwa ya samu wata ɗaya ko fiye shi kaɗai a gida. Ya san kowane rami, ya zaɓi ɗakin kwanansa, ya ɗauka duk akwatin gadonsa ne. Sannan ne mai kiwo zai ce to, ruwa ya yi kyau, bari in kawo kifin da dama shi nake so.

A ganina wannan tsohuwar hanya ba ta da sauran hujja. Ana iya shirya akwati ba tare da kifi ko ɗaya ba: a ɗiga amoniya tsantsa da aka yi don wannan aiki, ko a jefa ɗan guntun ɗanyen jatan lande ya ruɓe a ciki, a haɗa da bakteriyar kwalba da ake sayarwa. Sai a riƙa gwada ruwan da kayan awo har a ga amoniya da naitirait sun koma sifili. Ba abin da ake buƙata sai haƙurin kallon akwati fanko na tsawon makonni, wanda shi ne abin da ya fi yi wa sabon shiga wuya. Mai shagon da ya ce dole sai da damsal, ko dai bai bibiyi yadda kiwon ya canza ba, ko ciniki yake nema.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Kuskure na biyu shi ne sayen kifi da ido. A shago akasarinsu jarirai ne, kuma jaririn damsal yakan sha bamban da babbansa a launi da hali.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Dascyllus trimaculatus, baƙin kifi mai farin ɗigo uku, wanda ake wa laƙabi da domino. Yana ƙarami abin sha'awa ne, ɗan dunƙule kamar maɓalli. Yana girma har ya kai santimita 14, ɗigon nan su dushe, launin ya koma toka-toka mai duhu, halin kuma ya ƙazanta. Ɗan'uwansa mai ratsin fari da baƙi, Dascyllus aruanus, bai kai shi girma ba, yana tsayawa wajen santimita 10, amma a faɗa ba baya ba ne. Haka 'yan reshen Neoglyphidodon: suna ƙanana da zane shuɗi mai haske kamar an kunna musu lantarki, su girma su rikiɗe su yi duhu, su zama ƙarfen ƙafa. Su kuwa manoman nan na Stegastes, ba su da wurin zama a akwatin ɗan koyo ko kaɗan.

Akwai wani shuɗi tas, Chrysiptera cyanea, wanda Turawa da kansu suka yi wa laƙabi da shuɗin shaiɗan. Sunan ya isa bayani.

Masu dama-dama suna cikin wannan reshe na Chrysiptera ɗin dai. Shuɗi mai rawayar wutsiya, Chrysiptera parasema, ba ya wuce santimita 7, kuma masu kiwo sun daɗe da sanya shi cikin masu sauƙin kai. Haka Chrysiptera hemicyanea mai rawayan ciki, da talboti, da springeri. Sauƙin kan nasu dai idan an gwada su da 'yan'uwansu ne. Ko mai rawayar wutsiyar, idan ya daɗe shi kaɗai a ƙaramin akwati, zai iya zame wa baƙo alaƙaƙai.

Wanda ake yawan ba da shawara a madadinsu shi ne Chromis viridis, kore mai sirkin shuɗi. Shi a teku ba ya tsare dutse don abinci, garke yake bi a saman murjani yana cafkar ƙananan halittun da ruwa ke kawowa, don haka bai damu da sauran kifaye ba. Matsalarsa ta cikin gida ce. Masu kiwo da yawa sun shaida cewa idan aka zuba shida ko bakwai a akwati madaidaici, sai su riƙa taron dangi a kan mafi rauni har ya mutu, sannan su koma kan na gaba, har a wayi gari saura ɗaya ko biyu.

Kada kuma a manta kifin Nemo shi ma damsal ne. Nau'in da aka gani a fim, Amphiprion ocellaris, yana da sauƙin hali, ana kuma hayayyafa shi a gonakin kifi, shi ya sa ya fi dacewa da mai farawa. Amma akwai ɗan'uwansa mai launin jan ƙasa, wanda macensa idan ta girma ta kama wuri takan ciji hannun mai gyaran akwati har ta fitar da jini. A wannan reshe mace ce babba, ita ce kuma mai mulki.

Abin da ya kamata mai saye ya nema kafin ya biya kuɗi shi ne sunan kifin na kimiyya, don sunayen kasuwa suna da ruɗani, kifi uku daban-daban za su iya amsa suna ɗaya. Da wannan suna zai iya duba hoton babbansa a intanet ya ga abin da zai zama nan da shekara guda.

Wa ya fara shiga gida

Idan har mutum ya nace yana son damsal, kuma ba laifi ba ne don kyakkyawan kifi ne mai kuzari, to babban makaminsa shi ne tsarin shigowa. Masu sanyin hali su fara shiga, irin ƙananan kifayen da ke kwanciya a yashi ko masu ɓuya a rami. A ba su makonni su san wuri, su saba da cin abinci, su yi ƙiba. Damsal ya zo a ƙarshe, kuma ya zo yana ƙarami. Wanda ya tarar da gida da mutane ba ya yin isar da wanda ya share fili ya gina yake yi.

Girman akwati ma yana da tasiri, amma tsawonsa ya fi zurfinsa muhimmanci, don ƙasa ake rabawa ba sama ba. Ga ƙananan nau'o'in, shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a gaza lita 100 ko kusa da haka. Irin su domino kuwa suna buƙatar ninkin wannan ko fiye, tare da maƙwabta masu iya kare kansu.

Sai jera duwatsu. Sababbin shiga sukan tara su wuri guda su yi tsauni ɗaya a tsakiya. Wannan kamar gina fada ce a miƙa wa damsal. Zai hau samansa ya riƙa hango kowane lungu. Abin da ya fi shi ne a raba duwatsun gida biyu ko uku, a bar fili tsakaninsu, a yi koguna da ƙofofi masu mashiga da mafita, yadda kifin da aka biyo zai sha kwana ya ɓace wa mai binsa. Damsal da ido yake faɗa. Abin da bai gani ba bai dame shi ba.

Yana da kyau kuma a lura da kama. Ya fi tsanar wanda ya yi kama da shi a launi ko siffa ko irin abincin da yake ci, don shi ne kishiyarsa ta gaskiya. Damsal biyu 'yan nau'i ɗaya a ƙaramin akwati, in ba miji da mata ba ne, kusan kullum ɗaya ne ke saura. A manyan akwatuna wasu sukan zuba da yawa lokaci guda don faɗan ya rarrabu kada ya taru a kan ɗaya, amma wannan dabara ce ta masu fili da gogewa.

Idan rigima ta riga ta ɓarke

Ba kowace kora ce abin tashin hankali ba. Sabon kifi ya shigo, a ɗan bi shi, a buɗa masa fukafukai, kwana biyu ko uku kowa ya san matsayinsa, wannan al'ada ce. Alamomin haɗari daban suke: kifi ya koma saman ruwa a kusurwa ya tsaya cak, ko ya ɓuya bayan famfo, launinsa ya koɗe, numfashinsa ya yi sauri, fukafukai su tsattsage, kuma idan an zuba abinci ba ya fitowa. Wanda ya kai wannan mataki kwanakinsa ƙididdigaggu ne idan ba a ɗauki mataki ba.

Sau da yawa ma ba cizon ne ke kashe shi ba. Fargaba da yunwa suna raunana garkuwar jikinsa, sai cuta ta samu ƙofa, musamman ta fararen ɗigo da wata ƙwaya mai suna Cryptocaryon irritans ke haddasawa. Idan ta kama ɗaya tana iya bazuwa ga kowa. Mai akwatin sai ya ɗora laifin a kan ruwa ko a kan mai shago, alhali mai laifin yana nan yana ninƙaya lafiyarsa ƙalau.

Mataki mafi sauƙi shi ne sauya fasalin gida. A ɗaga duwatsun a sake jera su ta wata siga, a kashe fitila na yini guda. Damsal da alamomi yake gane iyakarsa, idan suka ɓace sai ya shagala da neman sabon wuri, baƙon kuma ya samu sararin kama nasa. Ya fi aiki idan an yi shi daidai lokacin da ake sako sabon kifin, ba bayan an riga an ji masa rauni ba.

Akwai kuma ɗan akwatin roba mai haske, mai huda-huda, da ake rataya shi a cikin babban. A saka baƙon a ciki na kwanaki, wani lokaci har mako guda. Mai gida zai zo ya yi ta kai hari yana cin karo da roba har ya gaji, shi kuma baƙon yana cin abincinsa cikin kwanciyar hankali. Ranar da aka sake shi, an riga an saba ganinsa. Ana iya juya lamarin ma, a kulle mai faɗan a ciki, ko a kai shi wani akwatin daban na mako ɗaya ko biyu, ya dawo ya tarar an sauya duwatsu kuma wasu sun zama 'yan gida.

Wasu sukan jingina ƙaramin madubi a jikin gilashi ta waje. Damsal ya ga wani irinsa da ba ya ja da baya, sai ya manta da kowa ya koma faɗa da inuwarsa. Dabarar tana sayen lokaci, amma ta ɗan gajeren zango ce, don barinsa haka kullum wahalar da shi ne.

Abinci ma yana rage zafi. Maimakon a zuba sau ɗaya a wuri ɗaya, a raba shi kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku, a kuma zuba a ɓangarori biyu na akwatin lokaci guda, don ba zai iya tsare duka ba. Sai dai kada a wuce gona da iri, ragowar abinci ruɓewa take yi ta ɓata ruwa.

A nan ya kamata a ce wani abu game da ruwan kansa, domin kifin da ke cikin ruwa marar kyau ba ya jure tsangwama. Gishirin da ake so shi ne kusan giram 35 a kowace lita, kamar na teku, kuma ba gishirin miya ba ne, haɗi ne na musamman da ake sayarwa don wannan kiwo. Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Selshiyos, a kuma riƙa canza kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan duk mako ɗaya ko biyu. Ga mai sha'awar gwadawa a garuruwa irin su Kano ko Maraɗi, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, kuma idan wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, cikin 'yan sa'o'i kifaye za su fara haki. Wanda ba shi da sola ko batirin da zai riƙe famfo dare da rana, gara ya dakata. Abin takaicin shi ne a irin wannan yanayi ma damsal ne yakan rage bayan kowa ya mutu.

Duk waɗannan dabaru suna aiki ne a kan mai matsakaicin hali. Babban domino da ya shekara yana mulkin akwatin lita 100, ba madubi ko sauya dutsen da zai canza shi. Hali zanen dutse.

Kama shi da inda za a kai shi

Ranar da mai kiwo ya yanke shawarar fitar da shi, a ranar zai gane cewa saka damsal minti ɗaya ne, cire shi kuwa aikin yini. Yana da sauri, yana da wayo, kuma da ya ga raga zai shige ramin da hannu ba ya kaiwa. Bin sa da raga a cikin duwatsu ba ya haifar da komai sai firgita sauran kifayen da karya murjani.

Tarko ya fi. Ana sayar da na roba mai ƙofa, ana kuma iya yin na gida da gorar ruwa: a yanke wuyanta a juya shi ciki ya zama mazurari, irin dai tsarin gurar da masunta ke dasawa a kogi, shiga da sauƙi fita da wuya. A hana abinci kwana ɗaya ko biyu, sannan a riƙa zuba shi a cikin tarkon kawai. Da yake shi ne mai zarin ci da rashin tsoro, sau da yawa shi ke fara shiga. Wasu sukan bar ragar a cikin ruwa na kwanaki suna ba da abinci a bakinta har ya daina tsoronta. Akwai masu amfani da 'yar mitsitsiyar ƙugiya da aka goge ƙayarta, wasu kuma su jira tsakar dare su kunna fitila kwatsam, su kama shi kafin ya wartsake. Idan duka sun faskara, sai a rage ruwa a kwashe duwatsu ɗaya bayan ɗaya a zuba a bokiti.

Bayan an kama shi akwai zaɓi. Shaguna da yawa suna karɓa, ko da ba za su biya ba. Wani mai babban akwati da manyan kifaye zai iya so, don a cikin waɗanda suka fi ƙarfinsa damsal yakan shiga taitayinsa. Masu akwatin da ke da ƙaramin tankin tace ruwa a ƙasa sukan mayar da shi can ya zauna. Abin da bai kamata ba shi ne a zuba shi a masai da ransa, ko a sake shi a teku. Kifin nan mai ƙayoyin dafi da ake kira kifi zaki, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida ta Amurka a 1985, kuma masana sun fi karkata ga cewa masu kiwo ne suka sake shi. Yau ya mamaye Karebiyan yana cinye ƙananan kifayen yankin.

Arahar damsal ce ke sa a riƙa ɗaukarsa kamar abin yarwa, amma tafiyar da ya yi kafin ya iso shago ba 'yar ƙarama ba ce. Wani bincike da Andrew Rhyne da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, bayan sun bi takardun shigo da kaya na shekara guda, ya nuna cewa Amurka kaɗai ta shigo da kifin ado na teku sama da miliyan 11, nau'i 1,802. Fiye da rabinsu 'yan dangin damsal ne, Chromis viridis ne a kan gaba, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari daga Filifin da Indunusiya suka fito. Akasarinsu masunta ne suka nutsa suka kamo su daga cikin murjani. A wasu wuraren har yanzu ana fama da masu fesa gubar sayanayid don kifin ya suma a ɗauke shi, duk da doka ta hana, kuma gubar tana kashe murjanin da aka fesa a kai. Daga nan sai leda, sai jirgin sama, sai ɗakin ajiyar dillali, kowane zango da nasa matattun.

Wanda ya tsallake duk wannan ya iso akwatin mutum yana iya rayuwa shekara biyar ko fiye idan ya samu kula. Akwai masu kiwon da suka daina kokawa da shi, suka ware masa akwati shi da matarsa kawai, da tarin duwatsu da yashi. A irin wannan akwati ana ganin namijin yana kwasar yashi da baki yana haƙa rami a gindin dutse, launinsa ya ƙara haske idan yana zawarci, sannan wata safiya a hango ƙwai liƙe a rufin kogon yana tsaye a bakin ƙofa yana yi musu fifita.